Tawa Ba Ta Tafi Ba

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Ya jikin Inna, ya haƙurin rashin Yaya? Ni lafiya lau, ina nan ina gugar zannuwan otal.

Na koma asibiti. Likita ta ce jikin yawancin mata yakan kori ƙwayar cutar nan ta bakin mahaifa cikin shekara biyu. Tawa shekara uku ke nan, tana nan. Irinta ce ta zama wa Yaya ciwon daji, tana zubar da jini tana ce mana al'ada ce. Likita ta ce wai za su riƙa duba ni, kada in tsorata. Na ce to.

Don Allah ki je a gwada ki. Kada Inna ta ji wannan. Ba ta gama kukan ɗaya ba.

'Yar'uwarki