Nura bai durƙusa wa Kawu ba

Laraba, bayan isha'i

Na kasa cin tuwon nan.

Da hantsi Kawu Sale ya iso, takanas daga Katsina, don ya duba ƙanena Nura. Yaron da ko a waya sai ya russuna in yana gaida manya, yau yana zaune a kujera ya miƙa wa Kawu hannu kamar sa'ansa. Kunya ta kama ni. A gaban kowa na ce, "Iskanci ne kawai, Kawu. Ranar da mota ta buge shi a unguwar Kawo an yi hoton kansa, ba a ga komai ba. Lallaɓawa ce ta yi masa yawa." Har na dungure masa kai. Kan nan fa.

Da la'asar muka kai wa likita sabon hoton da ta sa aka yi. Ta ce lokacin da kansa ya girgizu, siraran jijiyoyin da ke kai saƙo cikin ƙwaƙwalwa sun tsittsinke a wurare da yawa, kuma hoton farko ba ya nuna su. Shi ya sa ya daɗe bai farfaɗo ba, shi ya sa yake mantuwa. Ta ce, "Ba da gangan yake yi ba, Hajiya." Ban iya ɗaga ido ba.

Ɗazu ya leƙo ɗakina ya ce, "Yaya, in Kawu ya zo ki tuna mini in durƙusa, kar in ba ki kunya."

Kawu ya kama hanyar gida tun azahar. Na ce wa Nura to.