Rairayin da Na Kwashe Daga Tanon Ruwa

Zuwa ga Shugaban Aikin Ruwan Sha na Ƙauyuka, a Madawa.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Yaya gajiyar aiki, yaya zafin bazara? Mu ma nan sai godiyar Allah.

Sunana Hajara, amma da Uwar Zali aka fi sanina. Ƙauyenmu yana bakin korama, tafiyar rabin yini a kan jaki daga Madawa. Ka yi haƙuri da rubutuna. Sai da na yi haihuwa shida na shiga makarantar yaƙi da jahilci, kuma har yau alƙalami ya fi mini taɓarya nauyi. Na roƙi malaminmu ya kai takardar nan jaridar masu koyon karatu, don maganar ba tawa ce ni kaɗai ba.

Mai gari ya sanar da mu cewa motarku za ta zo kafin damana ta kwashe tanonin tace ruwa da kuka ba mu, a kai wani gari, domin an rubuto maka cewa matan garinmu sun ɓata su. Gaskiya ne an ɓata su, kuma ni na fara. Ina so ka ji yadda aka yi kafin ka aiko motar.

Na ɗaya. Da kaka, yau shekara biyu da rabi ke nan, ma'aikatanku suka kawo tanonin, manyan gangunan ƙarfe masu fanfo a gindi, kowace shiyya ɗaya. Namu a ƙofar gidana aka kafa shi. Mun yi murna, domin da rani rijiyoyin cikin korama muke sha, amma da ruwa ya sauka korama takan cike su da laka, mu koma ga tabki, inda ruwan sama ke tarowa da duk abin da ya sharo a hanya. Ranar bayani a ƙofar mai gari aka zauna, wurin da mace ba ta zama. Masu gida aka koya wa. An ba maigidana takarda da Faransanci, ya linke ta ya sa a akwati. Bayan kwana tara ya tafi bida, neman kuɗi bakin teku, tare da mazan gari, kamar kowace shekara in an gama ɗaurin hatsi. Abin da ya faɗa mini kaɗai shi ne a zuba ta sama, a tara ta ƙasa. Da ya dawo noma bai leƙa tanon ba, don namiji ba ya leƙa randa, ni kuma ban san akwai abin tambaya ba.

Na biyu. Uwata ta hore ni da wanke randa kowace Juma'a, a kankare ta har hannu ya ji kaushin yumɓu. Da na buɗe tanon na ga rairayin sama ya yi baƙi, ya yi santsi, sai kunya ta kama ni, kada maƙwabta su ce a ƙofata ƙazanta take. Na kwashe rairayin mai laushi duka. Na tarar da gawayi a ƙarƙashinsa, na ce wane ne ke shan ruwan gawayi, shi ma na fid da shi. Na ɗebo yashin korama mai kaushi, na wanke shi sau uku, na cika. Da can ruwan ɗiga yake yi, mace ta bar daka ta tsaya jiran tulu ɗaya. Yanzu sai ya zubo shar. Matan sauran shiyyoyi suka zo kallo, na bi su har ƙofofinsu na nuna musu yadda na yi. Na yi kwana da kwanaki ina jin daɗin kaina.

Na uku, wanda ya fi mini wuyar rubutawa. Bara, ana gab da yankan hatsi, ƙafar ɗiyata Zali ta kumbura a idon sawu. Shekararta goma sha ɗaya, yarinya ce da ba ta iya tafiya sai da gudu. Kurkunu ne. Wata biyu tana kan tabarma, kullum da safe ina naɗe farin zaren nan a tsinke kaɗan kaɗan, ina tsoron ya tsinke, ita kuma tana cizon gefen zanena don kada ƙannenta su ji kukanta. Da miki ya ƙi warkewa na kawo ta gidan likita a Madawa. Lokotoro, likitan wurin, ya ce ba iska ba ce, ba kuma sammu ba: wani ɗan ƙwaro ne da ido bai cika ganinsa ba, a ruwan tabki yake, ta haɗiye shi tun shekara guda da ta wuce. Ya ce rairayi mai laushi kan tsare shi, yashi mai kaushi kuwa yana iya barinsa ya wuce. Ban san ko daga tano ta sha shi ba ko a gona. Amma duk sanda na gan ta tana ɗingishi zuwa rijiya, hannuna nake tunawa cikin tanon nan.

Na huɗu. A wannan zuwan na biyo bironka, wato ofishinka, an ce ka fita daji. Muka zauna a baranda, sai Zali ta hango akwatin gilashi cike da ruwa, da ƙananan kifaye ja da ɗorawa suna yawo a ciki. Ba ta taɓa ganin kifi mai rai ta gefensa ba. Ta manna goshinta a gilashin tana dariya, dariyarta ta farko tun da ta kwanta. Na gode maka da wannan, ko da ba ka sani ba.

Dattijon da ke gadi ya ga muna kallo, ya nuna mana wani ɗan kwano a kusurwar akwatin mai fitar da kumfa, ya ce shi ke tace wa kifayen ruwa. A ciki akwai tsakuwa da gawayi da auduga. Ya ce shi ma bai iya karatu ba, amma da hannunka ka koya masa har sau uku, ka ja masa layi da jan fenti inda kowanne zai tsaya, ka gargaɗe shi kada ya wanke tsakuwar fes, don wannan santsin shi ma aiki yake yi. A nan na fara jin haka, ranka ya daɗe, daga bakin mai gadin kifi, ɗiyata na jingine da ni da ƙafa a naɗe. Ban ji haushin kifayen ba, halittar Allah ne. Abin da na gane shi ne ka iya koya wa wanda bai yi lakkol ba, wato makarantar boko. Mu ne dai ba a kira ba.

Ga roƙona.

Kada a kwashe tanonin. Autata Haddi na yaye ta a bazarar nan. Damanar bana ce ta farko da za ta sha ruwan tabki da cikinta, kuma ba kullum nake da iccen tafasa ruwa ba.

A aiko wanda zai koya wa mata, in da hali mace, a gindin tanon, da hantsi bayan an gama daka. A bar mu mu zuba da hannunmu yana kallo.

A ja layi a jikin kowane tano: nan tsakuwa, nan gawayi, nan rairayi. A faɗa mana wanda ake wankewa, da wanda ake sakewa, da wanda ake bari. Takardar kuma a yi ta da Hausa. Mu bakwai ne yanzu muke haɗa baƙi, za mu karanta wa saura.

Masu zanen tanon su zo su ga tulunmu. Fanfon ya yi ƙasa, tulu ba ya shiga, sai mun tara a ƙwarya mu juye. In akwai dabarar da ruwan zai ƙara sauri ba tare da ƙwaron ya wuce ba, a neme ta, don jiran nan shi ya sa kowa ta yi marhabin da kuskurena.

In kuwa dole sai an rubuta sunan wanda ya ɓata, a rubuta nawa, a bar sauran mata. Ni suka bi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya maka zuri'a, ya tsare ƙafafunsu daga abin da na gani. Zali tana gaishe ka, tana tambaya ko jan kifin nan mai tsagaggiyar wutsiya yana nan.

Ni da ita mun tankaɗe rairayi mai laushi da rariyar garina, buhu uku, mun tara gawayin ƙirya a zaure. Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Inda za mu tsaya da zubawa ne kawai ba mu sani ba.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Hajara Uwar Zali