Hirar da Ban Jiyo a Kanti Ba

Zuwa ga Inna Herborg,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawu Alasdair da yara a can Aberdeen. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu ma a nan Tvøroyri lafiya lau, an sauko da tumaki daga tsauni, ƙafar Kaka kuma ta yi sauƙi.

Inna, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kin san littafin da Mama take rubutawa don masu jin Turanci su koyi yarenmu na tsibiran Faro, wanda Ishbel ɗinki za ta fara gwadawa. Dokar Mama ɗaya ce: ba a sa maganar da ba a ji ta daga bakin mutum ba. Shi ya sa take tura ni kanti da tashar jirgin ruwa in saurari hirar mutane in rubuto. Ni kuwa kin san ni, ko gaisuwa kunya take ba ni. Ranar farko mai kanti ta tambaye ni me nake rubutawa, na fita da gudu. Tun daga nan sai in zauna bayan coci da littafin soyayyata, in na gaji da karatu in ƙago hirar da kaina.

Haka aka samu Ewan, baƙon da ya sauka daga jirgi a darasi na ɗaya, da Sólja mai sayar da burodi. A na uku yana tambayarta hanya, a na biyar ta saƙa masa rigar ulu. Na ce wa Mama sunaye kawai na canza. Ta ji daɗi ƙwarai, wai ashe ina da kunne.

Ranar Lahadi muna cin busasshen naman rago, Mama ta karanta wa Kaka darasi na bakwai, inda Sólja ta ce lallai gobe ƙarfe biyar za ta haye ruwa ta same shi. Kaka ya ajiye wuƙa, ya ce shekararsa tamanin bai taɓa jin ɗan tsibirin nan ya yi alkawarin gobe bai ƙara da "in yanayi ya bari" ba. Ya leƙo ni ta saman tabarau: "Amaryata, wannan Sóljar taki 'yar wace ƙasa ce, da hazo ba ya tsare ta?" Aka yi ta dariya. Mama ta ƙara kalmomin da biro, ta ce kunnena ne ya tsallake su. Kaka dai ya kashe min ido ya ci gaba da yankan namansa.

Alhamis za a kai littafin maɗaba'a a Tórshavn, babban birni, da sunana a shafin farko cewa ni na jiyo hirar. Ina son Ewan da Sólja, Inna, a darasi na sha biyu har hannu suka riƙe. In Mama ta sani, tana iya cire su baki ɗaya. Na so ki ba ni shawara, amma amsarki ba za ta iso kafin Alhamis ba.

Ki gaishe min da Kawu da Ishbel da ɗan auta Rúni. Kaka na gaishe ki, wai ki daina rowar hotuna.

Ga Mama nan tana kira in kawo wasiƙar ta sa a kwalin kayan da za ta aika muku. Kin san ba ta sa wasiƙar kowa sai ta karanta ta ƙara layinta a ƙasa. Na bar mata wuri. Ba zan manne ambulan ba, haka zan miƙa mata.

'Yarki,
Durita