Garin Sa'idu Yana Cikin Gwangwanina

Malam mai shawara, don Allah a taimake ni, wasa ya kai ni inda ban nufa ba. A yi haƙuri da ajami, allo kaɗai na yi.

Ina da taubashi, Sa'idu, ɗan ƙanwar babana, yana karatun kimiyya a iniversite a Yamai. Tun muna yara nake ɓoye masa takalmi ko hula, sai ya fansa da goro. Da bazara ya biyo ta Ɗan Issa daga Zariya, ya yada zango gidanmu nan Madarunfa, da wata 'yar kwalba ta farin gari da ya samo wajen wani malami. Wai sunan garin zeyolit. Ya ce ƙasa ce mai ƙananan ramuka, in an dafa sukari da ita sai ya rikiɗa ya zama abin da ake haɗa roba da magani da shi, ita kuwa tana nan ba ta ƙarewa. Na yi ta yi masa dariya, na ce Inna Rakiya maƙwabciyarmu ma tana juya sukari ya zama alewa ba ta je makarantar lakwal ba.

Da ya tafi bakin tabki sayen kifi sai na juye garin a gwangwanin madara, na cika kwalbar da dakakken alli. Na zaci zai buɗe ya gane, ya biyo ni da gudu. Bai buɗe ba. Ya hau mota.

Yau wata huɗu. Ya aiko wa mahaifiyarsa takarda, wai kullum yana dafa sukari ba ya juyawa, malaminsa ya fara shakkar aikinsa, shi kuma yana tunanin barin karatun. Gwangwanin yana cikin rumbunmu. In na faɗa, ina tsoron zumuncin ya tsinke. In na yi shiru, ban san yadda zan dubi gwaggona ba.

Taubashi Mai Nadama, Madarunfa

Ɗana, wasan taubasai gado ne, kuma na yarda ba ka nufi cuta ba. Amma hula ake ɓoyewa, ba abin da mutum ya rataya karatunsa a kai ba. Laifin ranar farko ƙarami ne, shirun wata huɗu shi ya ƙara masa girma. Shi ma Sa'idu da nasa, mai bincike ya kamata ya gwada kayansa kafin ya zargi kansa.

Na tambayi wani malamin kimiyya, ya ce irin wannan gari yana shan laima, amma in an gasa shi yakan dawo daidai. Kada ka ƙara buɗe gwangwanin, kada ka ba direba saƙo. Ka fara gaya wa gwaggonka, sannan ka ɗauka da hannunka ka kai Yamai cikin makon nan. In Sa'idu ya so, ka maimaita maganar gaban malaminsa, don a wanke shi. Zai yi fushi, ka bar shi ya yi, kada ka nemi mayar da abin raha. Allah ya ba shi sa'ar aikinsa, ya kai ka lafiya.