Gilashin da ke Wurin Baba

Yaya,

Ina gaisuwa, ya jikin Baba? Kin ce in daina yi miki boko, in faɗi aikina yadda za ki gane. To, ƙananan gilasai nake shafa wa wani sinadari, shafin bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Sai na'ura ta haska su, in ga hasken da ya ratsa, in haɗa da kaurin shafin in lissafa yadda yake shan haske. In babu wannan lissafi, babu digiri. Ga shi ƙwan fitilar na'urar ya mutu, an ce mu jira. Jiran nan yana ba ni tsoro.

Ƙanwarki, Auta

Auta,

Muna amsawa. Wato shekarun nan duka gilashi kike shafe-shafe? Sannu da aiki! Baba da sauƙi, sai dai ya ishe mu da zancenki. Ko mai gyaran famfo ne ya shigo, sai ya ji cewa autarsa haske take aunawa. Har ya ba da ɗinkin rigar da zai sa ranar bikin yaye ku. Ki daina tsoro, ƙwai ne fa, zai zo.

Yayarki

Yaya,

Ina yini. Ƙwan ya zo, amma kamar bai zo ba. Kafin ya iso iska ta cinye shafin, duk gilasan sun koɗe, hasken wucewa kawai yake. Na yi kuka, wallahi. Sinadarin ya ƙare, wa'adina kuma ƙarshen watan nan ne, malamina ya ce ba ƙari. Abu ɗaya ya rage: gilashin da na ba Baba tsaraba, a rufe cikin ƙaramar kwalba. Shi iska ba ta taɓa shi ba, ƙila ya fitar da ni. Don Allah ki aiko shi, kada a buɗe.

Auta

Auta,

Allah ya ba ki haƙuri. Baba ya buɗe kwalbar tun ranar da kika tafi. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa, kuma ya ce ba a nuna aikin 'yarsa da datti. Kullum sai ya goge shi da bakin rigarsa. Yanzu tas yake, har kana ganin zanen tafin hannunka ta cikinsa.

Ya naɗe shi a hankici da kansa. Ya ce in gaya miki ya kula miki da shi sosai.

Yayarki