Likita ya ce daji, ni na ce wa Baba tsargiya ce

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku zage ni, don wallahi na riga ku zagin kaina.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Gure, kuma ni ce ƴar fari a gidanmu. Tunda nake, Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke", ni ma ban taɓa haɗa ido da shi ba, haka muka taso. Aikinsa lambu ne a kwari, dabino da rogo. Tun bara yake fitsarin jini, kowa ya ce tsargiya ce, wa ya yi aikin ruwa bai yi ta ba? Ya sha jiƙo, ya sha ƙwayoyi, jini bai tsaya ba, har fitsarin ya fara gagararsa. Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti Damagaram, aka ɗebi ɗan nama aka auna.

Ranar da sakamako ya fito, likitan da muka samu Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, Baba kuma ba ya jin Faransanci, sai na zama tafinta. Likita ya ce ciwon daji ne a hanyar fitsari. Ya ce sun samu wata ƙwayar cuta a wurin, papiloma, wadda ake ɗauka ta wajen kwanciyar mace da namiji, kuma mai yiwuwa tana da hannu a ciwon. Ya ce mutane da yawa suna yin shekaru da ita ba su sani ba, samunta ba shaida ba ce cewa wani ya yi banza. Ya ce a dawo da wuri a fara magani, a kuma kawo matarsa a duba mata bakin mahaifa, don can ƙwayar ta fi ɓarna. Matarsa fa, Inna ke nan, uwata.

Baba ya juyo, kansa a ƙasa, ya ce, "Ke, me ya ce?" Jama'a, da wane baki? Mutumin da ko sunana ba ya faɗa don kunya, ni zan buɗe baki in yi masa zancen shimfiɗarsa da uwata? Sai kawai na ji kaina ina cewa, "Tsargiya ce ta daɗe, Baba." Ya yi hamdala, har da murmushi. Likita ya dube shi, ya ce mini tsohon nan jarumi ne.

Na ce a raina in mun koma gida zan sa Baffa, ƙanensa, ya gaya masa. Sai na tuna bakin Baffa, kafin la'asar maganar ta kai kasuwa, kuma na san mutanenmu, kwanciyar kaɗai za su ji, sauran bayanin likita ba mai ɗauka. A zargi Baba ko a zargi Inna? Na yi shiru, shirun ya yi ta tsawo. Yanzu duk sanda na ce mu koma asibiti sai Baba ya ce, "Tsargiya ce har za a sake kai ta Damagaram? Ai ga magani nan a gida." Da ƙaryata yake kayar da ni. Ya rame, wandonsa sai ya ƙara ɗaure mazagi, ya daina zuwa lambu, ya hana jikoki taɓa ruwan kwari. Ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya, ina gaban allo sai in manta abin da nake koyarwa, in fita, in dawo, in sake fita. Tsoro nake ji, tsoron in zama ni na kashe ubana.

Shekaranjiya da hantsi na kai masa fura, yana kwance a gindin bishiyar bedi. Na ajiye zan juya, sai ya kira sunana. Sunana na yanka, da bakinsa. Na juyo, na durƙusa. Ya ce, "Likitan nan ya daɗe yana magana, taki kuma gajeriya ce. Iyakar abin da ya ce ke nan?"

Na ce, "Iyakarsa ke nan, Baba."

Ya ce, "To, na yarda da ke." Ya ja mayafinsa ya juya baya.

Ƴan uwa, me zan yi?