Gwajin da Bai Ga Ciwon Baba Ba

Jibiya, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Yusha'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya a Agadas, Allah ya ƙara rufa asiri. Nan gida mun gode Allah, gero ya shiga rumbu, Mutmainna ta yaye ɗanta. Shekara uku ke nan rabonmu da ganinka, wallahi kewarka ta ishe mu.

Yaya, kwanakin baya na aiko maka cewa ka yi zamanka, an gwada Baba ba ciwon hanta ba ne. Ka yafe mini, ba haka abin yake ba. Da takardar asibiti ta ce babu, sai Inna ta ce to ciwon shawara ne, maganinsa a gida yake. Wata biyu ana ba shi jiƙon sassaƙe, ni ma da bokona na biye mata. Ido sai ƙara rawaya yake, ciki na kumbura. Da Lahadi biyu suka wuce bai leƙa kasuwar hatsi ba, Kawu Rabe ya kai shi Katsina aka sake ɗibar jini.

Likitan ya ce na'urar gwajin farko wata alama take nema a jikin ƙwayar cutar, ita kuwa ƙwayar takan sauya kama tana hayayyafa. Ta Baba ta sauya daidai wurin da ake dubawa. Ya ce kamar ma'aikatan boda ne aka ba su lambar mota, direba ya sake lamba ya wuce ta gabansu. Sai da aka yi gwaji mai duba wuri biyu aka kama ta. An fara magani, amma ya ce hantar ta ji jiki, a kira na nesa.

Baba ya hana a gaya maka, wai kada ka bar aikinka. Amma kullum da hantsi sai an shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, yana bin motocin Maraɗi da kallo, wai iska yake sha. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ramarsa ta ba ni tsoro. Ni na ce ka zauna, yanzu ni ke roƙonka ka taso, kada ka jira salla.

Ka gaida Anti Ilham da yara. Inna da Kawu Rabe suna gaishe ka. Baba bai aiko da gaisuwa ba, don bai san na rubuto ba.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya